Kan Burtun Kaka Yana Doha

Bin Omran, Doha.

Zuwa ga Baffa Nasidi, Sarkin Bakan Rafin Kanya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baffa, ina kan burtun Kaka yake? Ina nufin wanda tun muna yara yake rataye a turakarka sama da randa, mai jeren idon zakara a goshi, wanda ka taɓa zane ni don na ɗauke shi da hannun miya. Ka ɗaga kai ka duba ƙusar. In ba ya nan, ka faɗa mini da wace ƙafa ya fita, tunda itace ne da fata, ba tashi sama yake yi ba.

Na san ba haka ake buɗe wa babba takarda ba, kuma ba haka ka rene ni ba bayan rasuwar Baba. Ka yi haƙuri, tambayar ce ta riga gaisuwar fitowa. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga ubansa, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sassauta maka ciwon gwiwar nan da ke hana ka sujada yadda kake so. Na ji an sa dawa a rumbu lafiya, kuma gyaɗar fadama ta yi kyau bana, Allah Ya sa albarka. Na ji Rahmatu ta sauka lafiya an sa wa yarinya sunan Inna, Allah Ya raya. Mu ma nan sanyi ya shigo, irin nasu mai ɗanshin teku da ke shiga ƙashi. Ni lafiyata lau. Ɗanka Yaya Shamsu kuwa ba lafiya yake ba, kuma ka sani. Na kira wayarka har na gaji, ba ka ɗauka, shi ya sa na koma takarda. Ɗalhatu, na san kai za a ba ka karanta, don Allah kada ka tsallake layi ko ka sassauta kalma. Abin da ya yi zafi ka karanta shi da zafinsa, laifin a wuyana.

Bari in fara da dabbar, don a gida an maishe ta abin dariya, kuma ba wanda ya taɓa ganinta sai a hoto. Gonar da muke aiki, wadda suke kira izba, tana can bayan gari, an wuce Al Rayyan da nisa. Mai gonar yana tara namun daji don sha'awa, akwai barewa, akwai farin mariri irin na ƙasar nan, akwai kuma wannan da ake kira nilgai, wadda asalinta daga Indiya ne. Ni ina tuƙa motar ciyawa, Yaya Shamsu shi ke shiga garke yana zuba abinci da ruwa. Ka san ni da karance-karance, duk da ajin da na tsaya a makaranta bai kai abin faɗa ba. Tun da na zo nake bin labarinta a waya, ina haɗa Turancin da ƙyar, inda na maƙale in tambayi wani dattijo ɗan Indiya da ya tsufa a gonar yana kula da su. An ce duk nahiyarsu babu ɗan'uwan gwanki da ya kai ta girma. Namijin ya kai ƙaramin doki, kafaɗa sama, gindi ƙasa, kamar wanda kullum yake hawan tudu. Launinsa toka-toka ne mai shuɗi, maƙogwaro fari, ƙarƙashinsa ga wani tuntun baƙin gashi yana reto kamar gemu. Ƙahonsa gajere ne, bai fi tsawon tafin hannu da yatsu ba, kuma wannan gajartar ce ta yaudare ku. Matan ja-ja ne ba ƙaho, sukan haifi tagwaye, su ɓoye su a ciyawa. Suna da wata ɗabi'a, duk garken wuri ɗaya suke kashi, har ya taru ya yi tudu. Na sha gaya wa mutanen gidan hayarmu su je su ɗauki darasi.

Dattijon ya ce a garinsu ba a kashe ta. Suna ganinta 'yar'uwar saniya ce, saniya kuwa ka san matsayinta a wurinsu. Ya ce tana shiga gonar mahaifinsa ta cinye alkama, tsohon ya kwana yana buga gwangwani yana zaginta, amma ko dutse mai nauyi ba zai jefe ta da shi ba. Na karanta cewa a wasu jihohinsu manoma sun kai kuka har hukuma ta ba da damar a rage su, ana ta jayayya a kai. Sai na zauna ina tunani, Baffa. Su can tasu ta yi yawa har ana rigima a kan yadda za a yi da ita. Mu kuwa gidanmu kaka da kakanni ana kirari da gwanki, amma ni da girmana ban taɓa ganin gwanki da rai ba, sai ƙahon da ake busawa ranar taro. Kai da bakinka ka ce rabonka da sawunsa a dajinmu tun kafin a haife ni. Ba aljani ne ya kwashe su ba. Mu ne, mu da masu gatari.

Babban namijin garken muna ce masa Mai Unguwa, don kullum da safe sai ya zaga shinge kamar mai duba iyakar gonaki. A cikin shinge aka haife shi. Yaya Shamsu yana shiga da bokiti a tsaye, ya zo ya ci a hannunsa, har ya sosa masa wuya. Ranar da ya ɗauki hoto da shi ya tura gida, don Ikilima ta ga irin aikin mijinta, ranar aka fara wannan masifa. Ka ga hoton, ka ce ai wannan gwanki ne Allah Ya kai wa ɗanka har ƙofa. Na san al'adar, ba sai an tuna mini ba. Ɗan Sarkin Baka ba ya karɓar ƙahon gida sai ya kawo shaidar babban nama da ya yi wa sanɗa da kansa, wutsiya ko tuntu, yankan wuƙarsa. Na kuma san gidan su Bawah sun fara magana a kasuwa, cewa in ka kau sarautar tasu ce, tunda ɗanka ya tafi sharar kashin dabbobin Larabawa. Abin ya ci maka rai, ban ga laifinka a nan ba. Laifin yana abin da ya biyo baya.

Ina ɗaki ɗaya da shi, katifata na taɓa tasa, duk saƙon muryar da ka turo a kunnena yake saurara. Da farko ya ce maka dabbar ba tasa ba ce, amana ce. Ka ce ba kisa ka ce ya yi ba, gashi kawai, gashi kuwa tsirowa yake. Ya ce to zai yanko a tsaye lokacin da yake ba ta abinci. Ka ce wannan aikin wanzami ne ba na maharbi ba, in maharba suka ji ɗanka aski ya yi wa dabba tana lasar hannunsa, gara bai kawo ba. Ka ce sai ya yi shigar gida, baƙar riga, burtu a goshi, ya yi rarrafe har ya isa gare ta, ya ɗauka a waya a nuna a taro. Ya ce ina zai samu burtu a Doha. Ba a yi wata ba Abdulbaƙi mai gadi, ɗan garinmu, ya dawo daga hutu, ya zo Bin Omran da ƙunshin kuka da daddawa daga mahaifiyarsa Inna Fatsuma, da wani ƙulli dabam a tsohon rawani, ya ce Sarkin Baka ya ce a hannun mai shi kaɗai zai sa. Na ga fuskar Yaya Shamsu lokacin da ya kwance. Bai yi murna ba. Ya shafa idon zakaran da babban yatsa, ya mayar ya ɗaure, ya tura ƙarƙashin katifa. Na yi masa faɗa, na ce wannan hauka ne, ya ce in rufe bakina, ni ban san nauyin zama ɗan fari ba. Ya ce tun yana yaro bai taɓa jin ka ce ya yi daidai ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ne karo na farko da ka nemi wani abu a wurinsa wanda ba wani zai iya yi ba sai shi.

Ga abin da ba ka sani ba, kuma shi ya kamata maharban su ji. Sanɗar burtu tana aiki a dajinmu ne saboda naman dajinmu sun saba ganin burtu yana kiwo a tsakaninsu, baƙin tsuntsu yana tafiya yana kaɗa kai, ba ruwansa da kowa. Mai Unguwa bai taɓa ganin burtu ba a rayuwarsa. Kuma mazan nilgai, in lokacin barbara ya zo, wato yanzu cikin sanyi, ba a tsaye suke gama faɗa ba. Na gani da idona. Suna kumbura wuya, su zaga juna, sai su zube a kan gwiwoyin gaba, su soki juna daga ƙasa. Durƙuso a wurinsu shelar yaƙi ne. Ranar Juma'a da hantsi, gona ba mutane, ni na tafi ɗauko ciyawa, Yaya Shamsu ya jingina waya a shinge, ya sa baƙar riga, ya ɗaura burtu, ya shiga da rarrafe yana kaɗa kai yadda ka koya masa. Ka auna abin da dabbar ta gani. Ba ta ga mutumin da ke ba ta abinci ba, shi a tsaye ta san shi. Ta ga wani baƙin abu a kan gwiwa, da lanƙwasasshen abu a ka, yana nufo matan garken. Wannan fahimtata ce, dattijon ma haka ya ce, Allah ne Ya san abin da ke zuciyar dabba. Amma Mai Unguwa ya durƙusa, ya amsa gayyatar.

Ƙahon da ake yi wa dariya a ƙofar gidanmu ya shiga cinyarsa ta ciki ya yage sama. Dattijon ne ya ji ihu ya kori dabbar da buhu da kuwwa, ya ɗaure ƙafar da rawaninsa. Da na iso da mota, yashin wurin ya yi baƙi, burtun Kaka na gefe, maɗaurinsa ya jiƙe. Ni na ɗora shi a bayan motar ciyawa na fita da shi har muka haɗu da motar asibiti a hanya. Duk tafiyar abu ɗaya yake maimaita mini, in ɗauke burtun in ɓoye, kada a ce daga gida ne. Jini na zuba, shi sunanka yake rufewa. An yi masa aiki har sau biyu. Wani likita Bakano, Dakta Aminullahi, ya ja ni gefe ya ce in gode wa Allah, da ƙahon ya karkata kaɗan da gawa za mu saka a jirgi. Ya ce zai taka, amma da sanda, kuma rarrafe da gudu sun ƙare masa.

Mai gonar bai kai maganar gaban hukuma ba, wannan kam ya kyauta. Amma ya ce khalas, wato shi ke nan, ba zai riƙe mutumin da ya shiga wa dabbarsa da wuƙa a ɓoye ba, in ya warke sai gida. Da aka tambayi Yaya Shamsu dalili, ya ce wasa ne ya yi niyya don ya burge abokai. Ya goge duk saƙonninka, ya goge abin da wayar ta ɗauka. Mai Unguwa kuma tun ranar ya canza, duk wanda ya sunkuya zai ɗauki bokiti sai ya nufo shi. Aka ce ba a iya barinsa. An yanka shi, an raba wa ma'aikata naman. Dattijon nan ya ƙi tsayawa, ya tafi can bayan rijiya ya zauna yana kuka kamar wanda aka yi wa rasuwa, don shi ya rene shi da kwalbar madara. Ban iya haɗa ido da shi ba, har yau. Ni ma ban ci ba. Na roƙi mahaucin tuntun, ya yanko ya miƙo mini ba tare da ya tambaye ni me zan yi da shi ba. Ka ji, Baffa, abin da ya ci ƙafar ɗanka da ran dabbar mutane, kyauta aka ba ni shi, ko nauyin goro bai yi ba.

Duk wannan da na haɗiye, don ƙaddara ce ta riga ta faru. Abin da ya hana ni barci shi ne saƙon Rahmatu. Ta ce da labari ya iso, maharba suka zo jaje, ka ce musu ba wanda ya aike shi. Ka ce yaron ya je ya yi wasan banza, akuyar gidan wani Balarabe ta kayar da shi, ya zubar da mutuncin gida. Ta ce 'ya'yan gidan Bawah suna bin Ikilima a hanyar famfo suna kukan akuya, har ta daina fita, ƙanwarta ke ɗebo mata ruwa. Ta ce Inna Fatsuma ta tambaye ka burtun, ka ce ka ba da gyara. Ban gaya wa Yaya Shamsu ba, amma ya ji, ai labari ba ya neman biza. Tun ranar ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa. Shekaranjiya ya ce mini in an saka shi a jirgi, a Kano zai sauka ya nemi motar kudu, ba zai taka Rafin Kanya ba, in gaya wa Ikilima ta yafe masa. Na ce me zai hana ya faɗi gaskiya. Ya ce in ya faɗa, an ce Sarkin Baka ya yi ƙarya, gara a ce shi ne wawa. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya wa mutanen gari ba. Na yi. Ban yi alkawarin ba zan gaya maka ba, kuma ban yi alkawarin wanda zai karanta maka zai toshe kunnensa ba.

Ba sarautar nake yi wa ba, Baffa. Ni in gidan Bawah suna so su ɗauka, su je su yi mulkin gafiya da zomo, abin da ya rage a dajin ke nan. Ba kuma so nake a ce ka tsani ɗanka ba. Na san kana sonsa, na ga yadda ka juya baya a tasha ranar da zai taho don kada a ga idonka. Tsoro ne ya kama ka, ka ga za a ce tsoho ya tura ɗansa halaka a kan gashi, sai bakinka ya riga zuciyarka. Wannan yana samun kowa. Amma kai ka koya mana cewa maharbin da ya harbi nama bai mutu ba, haramun ne ya koma gida ya kwanta, sai ya bi jini har inda ya tsaya. Na ji wannan a bakinka ina tsugune ina riƙe maka gafaka. Jinin nan ga shi, daga ƙofar turakarka ya taso, ya zo har ɗakinmu a Bin Omran.

Ka gaishe mini da Inna Fatsuma, ka ce mata ƙafar tana haɗuwa, kuma kukar da ta aiko ita kaɗai yake yarda ya sha. Ina gaida Innata, ta ci gaba da yi mana addu'a. Ina gaida Gwaggo Sauda da Gwaggo Ayishatu, da Rahmatu sabuwar mai jego da angon ƙarni. Ina gaida Ikilima gaisuwa ta musamman, a ce mata mijinta ba wawa ba ne, ta ɗaga kanta. Ɗalhatu, sannu da karatu, na san gumi kake yi. Abdulbaƙi yana gaishe ku, ya ce da ya san abin da ke cikin rawanin nan da ya jefa shi a teku.

Taron buɗe daji ya kusa, maharban ƙauyuka duka za su hallara a gindin kanya, a busa ƙaho. A wurin nake so ka amsa tambayar da na fara da ita, ba ni za ka amsa wa ba, kuma ba a waya ba. Ka miƙe a gaban mutanen da ka gaya wa cewa ba wanda ya aike shi, ka gaya musu inda burtun Kaka yake da wanda ya ƙulle shi a rawani. Ka ce ɗanka ya yi rarrafe zuwa ga babban nama har ya kai inda numfashinsa ke taɓa shi, bisa umarninka, kuma bai juya ba. Na san ɗan fari ne, tun da aka haife shi ba ka taɓa kama sunansa ba, sai wancan, sai yaron nan. Mun girmama wannan kunyar shekara da shekaru. Amma kunyar ba ta hana ka zubar da shi a bainar jama'a ba, don haka kada ta hana ka ɗaga shi. Ka kira sunansa, Baffa, da ƙarfi, Ɗalhatu ya ɗauki muryar ya turo. Ranar da na sa masa ita a kunne, ni na san motar da zai hau daga Kano. Burtun da tuntun suna cikin akwatina, ba zan aiko da su ta hannun kowa ba. A hannunsa za su dawo gida, ko kuwa ba za su dawo ba.

Allah Ya huci zuciyarka a kaina. Wassalam.

Ɗanka,
Mutala.